Gishirin da Na Kawo wa Iya

Iya, mahaifiyata, mai dafa gishiri ce a ƙasar Manga kafin ta zo aikin hajji ta maƙale a Jidda. A nan ta haife ni. Ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, ni da ita, saboda haka duniyarmu ba ta wuce lungunan Ammariyya ba. Da tsufa ya kama ta sai ta fara maganar gida. Hanya ɗaya ce: ta miƙa kanta ga hukuma a kwashe ta a mayar gida, wanda aka kwashe kuwa ba ya dawowa. Ni ko na toshe kunnena, don ba ni da kowa sai ita.

Wata shekara Larabawan da nake wa aiki suka shirya yawo zuwa wani tafkin gishiri a cikin duwatsu, can bayan Ta'if. Suka tafi da ni riƙon yara. Duk shingen da muka tarar sai in sunkuyar da kai.

Iya ta ce in ɗebo mata ko cikin tafi ne.

Ashe wani ƙaton rami ne, duwatsu baƙi ƙirin sun kewaye shi, gindinsa fari fat kamar an shanya gari. Uwar ɗakina ta ce ba za ta sauka ba, hoto ya ishe ta. Na roƙe ta, ta ce, "Yalla, amma kar ki daɗe." Na gangara da silifas, har da ja da gindi. A ƙasa babu iska, babu tsuntsu, ko ina na juya dutse ne. Na ɗaga kai na ga sama 'yar kaɗan, irin wadda Iya ke gani ta tagar ɗakinmu. Tsoro ya kama ni. Na kankaro gishirin na ƙulle a bakin gyale, na hau da ƙyar.

Murna nake yi, a zatona na kawo mata abin da zai kwantar mata da hankali. Ta shinshina, ta lasa.

"Da ɗaci," ta ce. "Namu ba haka yake ba."

Ta sake lasa duk da haka. Sannan ta kama hannuna.

"'Yar nan, halas, ya isa haka. Ki raka ni in miƙa kaina."

Wannan karon na kasa cewa a'a. Ragowar gishirin yana nan a kwalba, ita kuwa muryarta kawai nake ji a waya.