Shamuwar da Ta Tsare Inna a Lyon

Har yau in na ga shamuwa a ƙauyukan arewacin Lyon, raina ɓaci yake yi. Tsuntsuwar ba ta yi mini komai ba. Yayana ne ya yi ƙarya da ita.

Inna, mahaifiyarmu, ta zo daga Maraɗi cikin hunturu aka yi mata aikin ido. Ta sauka wurina a unguwar Minguettes ta Lyon, can saman bene, inda ba a ganin komai sai hankaki da rufin motoci. Macen da ta tsufa a gona, zaman ɗaki ya fi ciwon idon cin ranta. Shi ya sa duk Lahadi nake sa ta a mota mu fita bayan gari, inda tafkuna ke jere tsakanin gonaki. Da farko babu komai sai agwagin ruwa da zalɓe tsaye cikin sanyi. Ran nan, sanyin bai gama sakin gari ba, muka tarar da wasu manyan tsuntsaye farare sun yi sheƙa a kan turken lantarki, suna ƙwanƙwasa baki. Inna ta kare ido da hannu ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan ai shamuwa ce, sai dai ta nasara, tamu baƙa ce. Tun a hanya ta fara zancen komawa, don a garinmu da shamuwa ta sauka a tsamiya an san damina ta kawo kai.

Iri ne a ranta. Akwai wani hatsi gajere mai saurin nuna da ta gada wurin kakarmu. Kowace kaka da hannunta take zaɓar zangarniyar da ta fi cika, ta ɗaure dami guda ta ajiye can ƙuryar rumbu. Ba ta yarda kowa ya shuka mata shi, kuma ba a samunsa a kasuwa.

Yaya kuwa yana Paris, babban ma'aikaci, kullum cikin kwat. Shi ya kawo ta, don haka fasfonta na hannunsa. A ganinsa abin kunya ne a ce uwarsa na duƙe a gona. Maimakon ya fito fili ya faɗa mata haka, sai ya buga mata waya ya ce shamuwar Faransa da wuri take zuwa, sai ƴaƴanta sun tashi daga sheƙa sannan ruwa ke sauka a gida. Mutumin da bai iya bambance shamuwa da angulu ba.

Na ce mata ba haka ba ne. Ta ce yayana ya fi ni daɗewa a ƙasar nan. Aka kira gida, su ma suka ce ko gajimare ba su gani ba. To me za su ce, shi ke ciyar da su? Ni na zama maƙaryaciya a ɗakina.

Haka Inna ta koma mai gadin sheƙa. Tsattsewa suka iso suna shawagi bisa ruwa, balbela ta fito tana bin shanu kamar a gida, ciyawa ta yi kore shar har aka yanke ta. Ita dai idonta na kan turke. Uwar shamuwar ta kwanta kan ƙwai, kawunan ƴaƴa sun leƙo, ga su sun fara miƙe fiffike. Takan yi musu faɗa ta tagar mota, wai su yi sauri su girma tana da aiki.

Na hau jirgin ƙasa takanas na tafi Paris. Yaya ya ce mu haɗu a wani gidan abinci a unguwar Belleville, wai kada mu yi hayaniya gaban matarsa. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce ya ba ni fasfon.

"Bon, ke ba ki gane ba," in ji shi. "Hutu nike ba ta. Hatsi kuwa, ko buhu nawa taka so gobe sai in saya mata."

"Yaya, ba ci za ta yi ba, shukawa za ta yi."

Ya ce sai likita ya sake duba ta, likitan da ya sallame ta tun cikin sanyi. Na dawo Lyon hannu wofi.

Ƴaƴan shamuwa suka tashi tsakiyar zafi, ana girbin alkama. A ranar Inna ta ɗaure kayanta. Da Yaya ya ga dabara ta ƙare, ya saki fasfo. Ta isa gida ta tarar hatsin maƙwabta ya wuce gwiwa, gonarta an watsa mata irin kasuwa. Daminta kuwa, da rumbu ya yi ƙasa ƴan gida suka fito da shi, aka sussuke, aka daka, aka yi fura. Ai an gaya musu Hajiya ta zauna Faransa ke nan. Ta bi ƙauyuka tana tambayar matan da ta taɓa ɗibar wa, kowacce ta riga ta garwaya nata da wani.

Da na kira ta, ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Cewa kawai ta yi, "Kin hwaɗa mini, ɗiyata." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bara ɗayan idon ya fara rufewa. Yaya ya nemi likita, ya aika mata tikitin jirgi, ta ce a mayar masa da abinsa. Yanzu sai an riƙe mata hannu take zuwa gona, shi kuma yana can Paris yana gaya wa mutane wai tsohuwarsa taurin kai gare ta.