Caji Na Hannunka

Idan ka je bakin kasuwa ka ga wani mai furfura yana tura baro, da biro uku a aljihun gaba alhali ba ya rubuta komai, to shi ne Incaji. Yayarsa ce kaɗai ba ta kiransa haka. Ita Auta take ce masa, kuma yadda take jan sunan ya fi zagi ciwo.

Tun yana ƙarami ta san halinsa. A firamare an taɓa ba shi monita na kwana biyu, ya rubuta sunan kowa a cikin masu surutu, har da yaron da bai zo ba. Da ya girma ya yi masinja, ya yi kwandasta, ya yi gadin gidan mai, ko'ina ba ya rufa shekara. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba. Cutarsa ɗaya ce, son girma ba tare da gumi ba. Haka ya kai hamsin da biyu, ga mata ga 'ya'ya huɗu, ba aikin fari ba na baƙi.

Yayar tsohuwar mai buga tafireta ce da ta yi ritaya. Ita ce ta ajiye kunya ta je wurin Hajiya mai ɗakin sanyi, wadda suka yi aji ɗaya a sakandare, ta roƙa masa aiki. Ranar da zai fara ta ce masa, "Auta, wannan ne na ƙarshe. In ka ɓata shi, ba ni da sauran fuskar da zan kai wa kowa."

Ɗakin sanyin firiza shida ne cike da kifi da kaji. Wutar gari sai ta ga dama take zuwa, don haka akwai batura jere a wani ɗan ɗaki a baya, kusa da janareto. Kullum da safe direban Hajiya ne ke buɗe ɗakin ya tada injin, ya cika baturan. Aikin Auta sauke kwali ne da jera shi. Ya yi wata takwas lafiya, har yayar ta fara tunanin ko tsufa ya sa masa hankali.

Sai mahaifiyar Hajiya ta kwanta ciwo a ƙauye, direban kuma shi zai kai ta. Tana shiga mota ta miƙa wa Auta makullin ɗakin baya, ta faɗi magana ɗaya, suka tafi.

Da yamma ya iso gidan yayar yana tafiya kamar an sa masa sitaci.

"Yaya, Allah ya yi. An naɗa ni incaji."

"Incajin me?"

"Na komai da komai."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

A rana ta biyu ta je da kanta. Ta tarar da shi a kujerar Hajiya, ya ɗora ƙafa kan kwali, makullin na rataye a wuyansa kamar laya. Mata biyu masu sayar da kaya a kanta sun cika sun yi fam, don ya kafa dokar sai an gaishe shi da Turanci. Daga ɗakin baya kuma wani abu yana ta ƙara, ƙit, ƙit, ƙit.

"Mene ne ke kuka can?"

"Harkar ƙananan ma'aikata ce, Yaya."

Mai gadi ya leƙo ya ce, "Ƙananan ma'aikata ba su da makulli, ranka ya daɗe. Tun jiya nake cewa a ba ni in tada inji."

"Makulli ba ya barin jikin incaji. Inji kuma aikin direba ne."

"Direban da ke ƙauye tare da Hajiya?"

"Ba a yi wa incaji musu."

Yayar ta ce, "Auta, tashi ka buɗe ɗakin nan."

Ya gyara biro ɗaya a aljihu, ya ce, "Yaya, a gida ke ce babba. Nan ofis ne."

Ta fita ta kira Hajiya sau uku, wayar ba ta shiga. Ta koma gida ta zauna jiran abin da ta san yana tafe.

A rana ta huɗu ƙudaje suka riga Hajiya isowa. Wari ya kai har shagon tela da ke tsallaken titi. Da aka kira yayar, ta tarar ruwan jini yana bin ƙasan firiza, Hajiya na tsaye da gyale a hanci.

"Me na ce maka da zan tafi? Maimaita a gaban yayarka."

Ya ce, "Kin ce, caji na hannunka."

"Cajin batur, sakarai! Makullin me na ba ka? To tunda caji kake so, muje caji ofis."

Yayar ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo a kan wannan ƙazamin siminti, gaban matar da ta riƙa koya wa lissafi a aji uku. Hajiya ta dube ta, ta ce albarkacinta ba za a kira ɗan sanda ba. Amma gobe shi kaɗai zai kwashe ruɓaɓɓen kayan nan ya kai juji, daga nan kada ta ƙara ganin ƙeyarsa.

Ko da suka koma gida bakinsa bai mutu ba.

"Turancin ne mai harshe biyu, Yaya. Kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu, laifin wa?"

"Biyu?" Ta ɗauko tsohon ƙamus ɗinta mara bango daga kan kabad, ta sa tabarau, ta bi layi da yatsa. "Zuba wa batur wuta, caji. Tuhumar mai laifi, caji. Farashin da aka yanka maka, caji. Soja su afka wa abokan gaba, caji. Riƙon amanar wuri, shi ma caji. A cikin biyar ɗin nan ka zaɓi wadda ake yi a zaune, ita ma ba ka karanta ta daidai ba."

"To ai ga ta nan, akwai ta."

"Akwai. Saurari inda ta fito." Ta sauke yatsa kan ƙananan haruffan ƙasa. "Ingilishi aro suka yi daga Faransawa, su kuma daga kalmar mutanen Rum ta dā mai nufin amalanke. Asalinta lodi ne, a ɗora wa amalanke kaya. Batur an ɗora masa wuta, mai laifi an ɗora masa tuhuma. Incaji kuma shi ne jakin da aka ɗora wa kayan kowa. Kai ka ji an ce kaya, ka nemi kujera."

Ya buɗe baki zai yi musu, ta rufe littafin da ƙarfi.

Washegari mai gadi ya ara masa baro. Sawu goma sha ɗaya ya yi zuwa juji da rana tsaka, tela da matan kanta suna daga inuwa suna yi masa kirari, "Incaji, a sauka lafiya!" Sunan ya bi shi, baron ma ya bi shi, don mai gadin ya ce ba ya son sa kuma, warin ya ƙi fita.

Shekara shida ke nan yana dako da shi, aikin da ya fi daɗewa a kai duk rayuwarsa. Kwanaki yayar ta sayi buhun gawayi, ya ɗora mata. Suna tafe wani ɗan dako ya kai hannu zai taya shi hawa gangare, ya daka masa tsawa, "Kai, sake! Ni ne incajin baron nan."

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Yau dai ka faɗi gaskiya. Tura, Auta, kuma ka kula da ramin can."