Zanen Lambun da Ya Hana Ni Tattara Kayana

Shekarun baya, a shekarata ta farko a Birmingham, na yanke shawarar ajiye karatun digirin da ya kawo ni in koma gida. Karatun bai gagare ni ba, duhu ne ya gagare ni. Na sauka ƙasar a ƙarshen Satumba, na ɗan ga rana na 'yan kwanaki, daga nan gari ya rufe ruf. Ka fita da safe cikin duhu, ka idar da la'asar kafin ka naɗe darduma magariba ta kawo jiki. Ni da nake cika baki a Katsina cewa ba abin da na tsana kamar zafin rana, sai ga ni ina jan kujera ina bin ɗan hasken da ya faɗo ta taga kamar ƙadangare.

Ɗakina a unguwar Perry Barr taga ɗaya gare shi, tana kallon wata bishiya a bakin titi. Tun Nuwamba ta zubar da ganyenta kaf. Na san kuka ma tana yin haka a gida, amma kuka ko ba ganye ka san da ranta, ga jiki ga kauri. Wannan kuwa 'yar siririya ce, baƙa, kullum a jiƙe. Da na buɗe labule ita nake fara gani, sai gabana ya faɗi ba dalili. Barci ya yi mini yawa, abinci ya fita raina, littafi kuwa sai in wuni a shafi ɗaya. Mahaifiyata ta gane daga muryata a waya, ta ce, "In abin ya fi ƙarfinki ki dawo. Ba wanda ya kore ki daga gidan nan."

Cikin Fabrairu na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester wurin ƙawata. Tun sakandare muke tare, ta daɗe a can tana aikin jinya. Sallama na je yi mata. Ta saurare ni har na gama, ba ta ce in zauna ba, ba ta ce in tafi ba, ta dai tuƙa mini tuwo. Washegari muna yawo a tsakiyar gari ruwa ya tsuge, ta ja hannuna ta ce, "Mu shiga gallery ɗin nan na zane-zane, ba a biya, kuma akwai heating." Gaskiya ɗumin na bi, don ni a lokacin ban ga abin da zai sa babban mutum ya tsaya yana kallon bango ba.

A wani ɗaki na ciki na ci karo da wani zane. Da farko na matsa kusa sosai, ban ga komai ba sai fenti da aka lafta da kauri, wani wurin har ya yi tudu, sawun burushi ya tafi nan ya tafi can. A raina na ce wannan kam ko ni. Sai wata mata ta zo wucewa na ja da baya in ba ta hanya, na ɗaga kai, sai ga lambu ya miƙe tsaye a gabana. Itatuwa ne a jere, kututturansu a murɗe, wasu shuɗi wasu ruwan ƙasa. Ƙasa kore da rawaya, sama kuwa shuɗin da na manta akwai irinsa. A kan kowane reshe farin abu ne ya cika taf, da ɗan ja-ja a cikinsa. Haske kamar daga cikin zanen yake fitowa. Tsigar jikina ta tashi.

Na ce, "Ikon Allah. Bawan Allahn nan har ƙanƙara ya mayar abin sha'awa."

Ƙawata ta kama ciki tana dariya har mai gadin ɗakin ya waigo. "Wace ƙanƙara? Ke ba ki ga ciyawa kore shar a ƙasa ba? Fure ne."

"Fure ba ganye?"

Ni furen bishiya da na sani shi ne na mangwaro, ƙanana, a ɓoye cikin ganye, sai ƙamshi ya tona asirinsu. Ta ce a nan furen ke fara fitowa idan spring, wato bazararsu ta bayan sanyi, ta shigo, ganye sai daga baya. Ta karanto mini ɗan bayanin da ke gefe: mai zanen ya rasu sama da shekara ɗari, yana cikin waɗanda suka daina kwafar abu daidai yadda yake, suka riƙa sa launi yadda suka ji shi a ransu.

Na ce, "To kin gani, da bakinki kin faɗa. Abin da ya ji ya zana, ba abin da ya gani ba."

Ta ce, "Bishiyar ƙofar flat ɗinki ma danginsu ce, na gan ta ranar da na kawo miki bargo. Ki bari April ta yi. In ba ta yi haka ba, ni da kaina zan raka ki airport."

Ban yarda da ita ba, amma kuma na kasa tashi daga kan bencin da ke gaban zanen. Ruwa ya ɗauke, ta leƙa waje ta dawo, ina nan. Da za mu fita ta tsaya a ɗan shagon bakin ƙofa ta saya mini kwafinsa a takarda mai kauri. Haka na rungumo shi a naɗe cikin hijabi har Birmingham, kamar mai ɗauke da jariri.

A gidanmu ba a taɓa rataya hoton abu mai rai a bango ba, don haka kafin in liƙa shi sai da na kira mahaifiyata a bidiyo. Ta sa na bi da wayar lungu-lungu.

"Tsaya. Wancan baƙin abin fa, ba mutum ba ne?"

"Tsani ne, Umma, an jingina shi da bishiya."

"To, babu laifi." Ta ƙara kallo. "Wannan ai rimi ne ya fashe da auduga."

Na ce mata wai fure ne. Ta ce, "Fure ba ganye? Turawa dai." Na ji daɗi, ashe ƙauyancin na gado ne. Mai gidan haya ya hana buga ƙusa, don haka da ɗanko na manna shi, dab da taga, yadda zan riƙa ganin zanen da bishiyar a kallo ɗaya. Nufina in kama ɗayansu da ƙarya.

Akwatina na nan rabi a shirye, na dai riƙa ɗage zuwa wurin malamin da ke duba aikina in faɗa masa. Zanen kuwa kullum da fuskar da yake nuna mini. Idan gari ya yi hadari sai shuɗin ya fito, idan rana ta ɗan leƙo sai jan da ke cikin farin ya taso. Cikin Maris na lura da wasu ƙananan ƙulli kamar ƙwayar dawa a rassan bishiyar. Na ce wa kaina kada ki sa rai.

Wata safiya na koma barci bayan asuba, na farka na ja labule. Ban san lokacin da na zura hijabi na sauko da silifas ba. Bishiyar ta cika maƙil, fari da ruwan hoda, ko ganye ɗaya babu. Ƙudan zuma na ta shawagi. Duk layin haka yake har tashar bas, mutane na ta wucewa da kofin shayinsu kamar ba abin da ya faru. Na tsaya a ƙarƙashinta ina tasbihi, hawaye na zuba. Abin da aka koya mana tun muna yara game da rayarwa bayan mutuwa, ranar na gan shi da idona. A nan na gane mai zanen bai ƙara gishiri ba. Ya lafta fentin da kauri ne don yana ƙoƙarin cim ma abin da ya fi ƙarfin hannunsa.

Na kira mahaifiyata na juya mata wayar. Ta ƙura wa bishiyar ido.

"Wannan ce busasshiyar nan da kike nuna mini?"

"Ita ce, Umma."

"Allahu Akbar." Sannan ta ce, "To ba yanzu za ki dawo ba. Ki tsaya ki gano mini irin 'ya'yan da take yi."

Na tsaya. Yanzu zanen yana falona a unguwar Handsworth cikin gilashi, kuma har yau idan na ja da baya lambun ya miƙe, sai na ji abin da na ji a Manchester. Sanyin ƙasar nan bai daina wahalar da ni ba, ba zan yi ƙarya ba. Bambancin kawai yanzu na san abin da ke ɓoye cikin baƙaƙen rassan, kuma wani mutum da ban taɓa gani ba ne ya fara nuna mini.

Bishiyar kuwa ashe ta ado ce, ba ta haifar komai. Tun shekarar farko na gano haka, amma sai ranar bikin kammala karatuna zancen ya taso na faɗa wa mahaifiyata. Ta gyara zaman mayafinta ta ce, "Ke dai kin gama karatunki, ko?"