Baban Sama da Benen Gilashi

Baban Sama ake ce masa, don tun yana saurayi aikinsa gyaran lif, akwatin nan mai hawa da mutane saman bene. Babu dogon ginin da ke tsakiyar gari da bai shiga cikinsa da jakar kayan aikinsa ba. A ganinsa garin da bai miƙe sama ba bai waye ba.

Matarsa kuwa tela ce. Shagonta yana cikin wani tsohon gini mai kaurin bango da tagogin katako, kuma ba ta haɗa shi da komai. Kullum musunsu ke nan, shi ya ce a rushe, ita ta ce sai dai a rushe da ita. Yara suka taso suna dariyar abin.

Bayan ya ajiye aiki, aka ce za a gina sabon bene a bayan shagon. Autarsu, wadda ke aiki a ofishin tsara gari, ta zo gida da kwamfuta. A ofishinsu sun zana garin kaf a ciki, titi da gini har da bishiyoyi, an kuma dasa benen da ba a fara ba tukuna.

"Auta, kai ni can ƙololuwa," in ji shi.

Ta danna, sai ga su a sama. Ya gyara tabarau, ya sa ta juya ginin gaba da baya, sai ya ɓata rai.

"Wannan ai kwalba ce! Gilashi ko'ina, ba inuwa, ba tagar buɗewa. In wuta ta ɗauke, dafuwa za su yi."

Matar ta leƙo ta kafaɗarsa. Can ƙasa ta hango rufin tsohon gininsu, da tsakar gidansa da bishiyar da take shanya yadi a gindinta. Ba ta taɓa ganinsa daga sama ba.

"Ashe haka muke da kyau? Malam, a bar su su gina, mutane su riƙa kallonmu."

"Ke ce yau mai son bene?"

"Kai ne yau mai ƙinsa?"

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar da aka kira jama'a su faɗi ra'ayinsu, tare suka je. Ya miƙe ya roƙi a sa baranda da tagogi, ita kuma ta roƙi kar a taɓa tsohon ginin. Wasu ma suka faɗi irin haka. Ba duka aka karɓa ba, gilashin ya yi yawa har yanzu a ganinsa, amma an ƙara baranda, tsohon ginin kuma aka yi masa fenti aka gyara tagoginsa.

Da aka buɗe benen, ya sa sabuwar rigar da ta ɗinka masa, suka shiga lif. Ya kasa kunne yana sauraron injin, ya gyaɗa kai ya ce aikin ya yi. Ita kuwa ta damƙe hannunsa ta rufe ido har suka isa. A baranda ta saki hannun, ta shiga nuna wa baƙin da ba ta sani ba rufin shagonta, tana gaya musu ranakun da take buɗewa.