Malam Sabi'u, Mai Kafa Mana Injin Ruwan Zafi

Ina cikin wani shagon jakunkuna a Shiling, kasuwar jakunkuna ta Guangzhou a ƙasar Sin, muna ta ja-in-ja da mai shagon a kan launin zif, sai ga saƙon murya daga Baba Isaka, mutumin Gana da ke tura mana kaya gida. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. "Alhaji, sai haƙuri. Malam Sabi'u ya rasu a Kano, har an kai shi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye jakar da ke hannuna, na zauna a kan kwali. Mai shagon ya tsaya yana kallona, ni kuma ba ni da Sinancin da zan gaya masa abin da ya same ni.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Sabi'u Bakano ne da ya zo Guangzhou sarin kaya kamar kowa. Kasuwa ba ta karɓe shi ba, sai ya bi wani Basine mai kafa injin ruwan zafi har ya ƙware. Ba irin hitar da muka sani a gida ba ce. Tanki ne da inji mai fanka da ake kafawa a waje, yana zuƙo ɗumin da ke cikin iska ya tura wa ruwa, shi ya sa ba ya shan wuta sosai. Gidajen Hausawa da dama a unguwar Huadu shi ya kafa musu.

Ni sanyi ne ya haɗa mu. Sanyin garin nan jiƙaƙƙe ne, ƙashi yake shiga, ga gwiwata ba lafiya, har alwalar asuba ta zame mini abin fargaba. Ranar da ya zo kafawa, ya daɗe a baranda yana duba nan, yana duba can, bai ko taɓa na'urar huda bango ba. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Na ce, "Malam, aiki ka zo yi ko zance ka zo wurin bangon?" Ya ce, "Alhaji, inda muka kafa shi yau, nan zai tsufa." Ya sa roba a ƙarƙashin ƙafafun injin don kada ƙugi ya dami maƙwabta. Ya naɗe bututai da soso don kada zafi ya tsere. Siririn bututun da ke ɗigar da ruwa kuwa ya ja shi har magudana, saboda ya hango shanyar wata tsohuwa a benen ƙasa. Bai san ta ba, har ya bar duniya ba su taɓa gaisawa ba.

Ba a jima ba na yi abin da kowane Bahaushe zai yi wa sabon inji. Na lulluɓe shi da tamfol don kada ruwan sama ya taɓa shi, na kuma jibge kwalayen jakunkuna a gabansa, tunda ɗan kasuwa ba ya ganin fili ya ƙyale. Ruwa ya koma salaf. Na kira shi ina faɗa, wai ya haɗa ni da jabu. Da ya leƙa barandar sai ya riƙe baki. "Haba Alhaji! Janareta ka ɗauke shi? Wannan abincinsa iska. Ka toshe masa hanci, kuma kana so ya yi maka aiki?" Da kansa ya kwashe kwalayen, bai bar ni na ɗaga ko ɗaya ba saboda gwiwar.

Daga nan ya riƙa zuwa lokaci zuwa lokaci, ranar Asabar bayan la'asar, da buroshinsa da tiyo. Bari in faɗi gaskiya, tunda ba kunya ba ce. Iyalina suna Kano. Yawancin waɗanda muka zo tare sun koma tun shekarun korona, waɗanda suka rage kuma sai a waya. Mai kawo abinci a ƙofa yake rataya leda ya wuce. A duk garin nan, Malam Sabi'u ne kaɗai mutumin da ke tsayawa a bakin ƙofata ya yi sallama, in amsa. In ya gama sai mu zauna a kan darduma mu sha shayi. Ba mai yawan magana ba ne, ni ne sarkin surutu. Amma ko shirunsa ya ishe ni mako guda.

Bara ya fara matsa mini sai na koyi aikin. "Zo ka riƙe buroshin nan. Kashe wuta tukuna. Ragar bayan, daga sama zuwa ƙasa za ka share, a hankali, kada ka lanƙwasa ta. Sai ka buɗe famfon gindin tanki, laka ta fita." Kullum ina da uzuri, yau gwiwa, gobe waya. Da ya ishe ni wata rana sai na ce, "To in na iya, me zai kawo ka?" Da wasa na nufa, amma muryar ba ta fito da wasa ba. Ya ci gaba da naɗe tiyo, can ya ce, "Zan zo mana. Amma dai ka koya, Alhaji." Na ga ya rame, ya ce mini olsa ce. Da zai tafi gida ganin likita, ce mini ya yi bayan Sallah yana nan tafe.

A nan babu zaman makoki. Bayan Juma'a muka tsaya mu 'yan kaɗan muka yi masa addu'a a tsaye, kowa ya ruga ya kama jirgin ƙasa. Ba gidan da zan je in zauna a yi mini gaisuwa, ko in yi wa wani. Na kira mai ɗakinsa, Hajiya Rabi. Ta ce har a gadon asibiti yana cewa sanyi ya kusa, ga injinan mutane ba a wanke ba.

Asabar ɗin da ta wuce, fankar ta fara gurnani, ruwa ya ƙi zafi. Ina da lambar Basinen da ya koya masa aiki, da na kira zai zo. Sai na tsinci kaina na kashe wuta, na ɗauko buroshi. Na share ragar, na wanke, na zubar da lakar tanki, ba inda na tsaya tunani. Ashe duk kauce-kaucen nan da nake yi, idona yana kan hannunsa. Kafin magariba ruwa ya yi zafi. Na tara hannu a famfo, na tsaya ina kuka kamar ƙaramin yaro. Wallahi ban taɓa baƙin cikin iya wani abu ba sai ranar.

Allah Ya jiƙan Malam Sabi'u, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Duk alwalar da aka yi da ruwan da ya ɗumama, Allah Ya sa ya iske ladanta a mizaninsa. Allah Ya ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙuri, Ya zame musu gata. Mu kuma da muka rage a bayan ƙofofin garin nan, ya Allah, kada Ka bar mu mu kaɗai. Amin.