Na Shinshina Hamisu, Na Ba Shi Makulli

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Hamisu. Ya bar mata, da 'ya'ya biyu, da Inna wadda har yau ba a ambatar hanyar Bukkuyum a gabanta.

Ni dillalin hatsi ne, da hanci nake aiki. In damƙi wake in shinshina, in san ko ya sha magani ko ruwa ya taɓa shi. Da hancin nan na riƙa auna Hamisu, don yana shan wiwi. Na kafa masa doka: ranar da na ji wari a rigarsa, ba zai taɓa babur ɗina ba.

Ranar kasuwar Bukkuyum, da hantsi, ya tsaya gabana ya buɗe hannuwa.

"Shinshina, Yaya. Mi ka ji?"

Ban ji komai ba. Idonsa fari, maganarsa daidai. Na ɗaura masa buhun wake biyu a babur, na ba shi makulli ya kai Anka.

Ashe zuƙa ya daina, ya koma ci. Bayan sadakar bakwai abokansa suka gaya mini cewa ranar a dambu mai man shanu ya ci ganyen. Ya jira, ya ce bai ji komai ba, ya ƙara.

Wani mai kantin magani a Gummi ya warware mini sauran. Sinadarin da ke bugarwa maiƙo yake bi, ba ruwa ba. In an zuƙa, ta huhu yake shiga jini, nan take ya nuna kansa. In an ci, sai ya bi hanji ya isa hanta, ya yi awa ɗaya ko biyu shiru, hantar kuma ta ƙara masa ƙarfi. Wato ina shinshinar riga, abin yana ciki yana jiran lokacinsa. A wata kwanar hanya ya taso masa, ga babbar mota tafe.

Yanzu ina jin samari na haɗa shi da madara har da alewa, iyaye kuwa na nan suna shinshinar riguna. Da Hamisu yana raye, da ya yi musu dariya, don ya san inda abin ke ɓuya.

Dokata ba ta raba shi da wiwi ba, ɓoyewa ta koya masa. Da hayaƙi ne ranar, da na ji, da na hana shi makullin. Waken an kwashe shi a bakin titi, ko mudu bai ɓata ba. Hamisu ne bai isa Anka ba.