Kaset ɗin Motar Kawu

Jiya a tashar Dutsin-Ma na ji muryar wata Baturiya a rediyon mai shayi, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Kaset ɗinta kaɗai yake sawa a motarsa, waƙoƙin kaboyi da na rabuwar masoya, alhali ba ya jin Turanci.

Wata rana muna hanyar Kurfi, motar na warin fetur da goro, na ce, "Kawu, me take cewa?"

Ya rage sautin. "Wani ne ya tafi ya bar ta. Ba ki ji yadda take jan numfashi ba?"

A shekarar da matarsa ta rasu ke nan.

Allah ya jiƙansu, ya haɗa su a Aljanna.